Kada Ruwa Ya Taɓa Kwalba ta Bakwai

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai sanin abin da aka ɓoye a zuciya da abin da aka ɓoye a kabad.

Ni ce mahaifiyarku, tsohuwar malamar kimiyya, nake rubuta wannan da hannuna a kan gadon asibiti da safiyar Talata. Hankalina yana jikina sarai, babu wanda ya sa ni, babu wanda ya faɗa mini abin da zan ce. Ɗazu da likita ya zo zagaye har na tuna masa ƙwayar da ya manta bai rubuta ba, ya yi dariya ya ce da ma a ajina ya zauna. Idan kun ga rubutun yana rawa, hannu ne ke rawa, kan yana nan daram. Gobe da safe za su buɗe ƙirjina su gyara abin da ya toshe. An gaya mini gaskiya: wasu suna tashi daga wannan aiki, wasu ba sa tashi. Na yarda da duk wanda Allah ya zaɓa mini. Amma ina cikin tsoro, 'ya'yana, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, kuma abin da nake tsoro yana can gida, a ɗakin baya.

Babba, kai za a miƙa wa takardar nan idan ka zo da rana. Karanta abu na ɗaya kaɗai, ka ninke ta, ka tashi ka tafi gida kafin a tashi 'yan makaranta. Kada ka tsaya gaishe ni. Sauran ka karanta tare da ƙannenka bayan ka gama.

Na ɗaya. A ɗakin baya, wanda kuke kira ɗakin tarkace ni kuma nake kira ɗakin nazari, akwai koren kabad na ƙarfe mai kwaɗo. A kanta ta sama akwai kwalabe tara, kowace da lamba da jan fenti. Ta bakwai mai faɗin baki ce, murfinta baƙi, akwai kananzir a ciki, a ƙasan kananzir ɗin kuma akwai dunƙule uku masu launin toka kamar tsohon sabulu. Sunansa sodiyum. Babba, ƙarfen nan ne da ya ci hannunka kana ɗan shekara tara. Na ce maka na zubar da shi. Na ce wa babanku, Allah ya jiƙansa, na zubar da shi. Ƙarya na yi. Shekara ashirin da tara ke nan yana kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ku.

Wannan ƙarfe ba ya shiri da ruwa. Ɗigo ɗaya ya ishe shi ya kama da wuta, yawan da ke cikin kwalbar nan kuwa ya isa ya tarwatsa gilashin a fuskar duk wanda ya sunkuya a kansa. Kananzir ne ke raba shi da danshin iska. Murfin ya tsage tun bara, kananzir ɗin yana raguwa a hankali, ni ce nake ƙara shi duk wata uku idan kun fita. Tun da hannuna ya fara rawa ban ƙara ba. Ganina na ƙarshe, saura kamar faɗin yatsa ɗaya a saman dunƙulen.

Ga abin da ya sa ba zan iya jira ba. Jiya da yamma matarka ta kawo mini 'yarku Don-me. Uwar ta fita baranda tana amsa waya, sai yarinyar ta matso kusa da kunnena ta ce, "Kaka, wane irin dutse ne yake kwana cikin kananzir?" Na ce a ina ta gani. Ta ce, "A ta bakwai mana. Kwalbar duk ta yi maiƙo da ƙura. Zan wanke miki ita da sabulu, in kin dawo ki same ta tana ƙyalli." Na riƙe hannunta har sai da ta ce ina mata ciwo, na sa ta yi alkawari ba za ta taɓa ba. Kafin in faɗa mata dalili nas ta shigo ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Yarinyar ta ce, "To, Kaka." Shekara talatin da huɗu na yi a gaban allo, na san irin wannan "to". Shi ne "to" ɗin yaron da aka hana shi abu aka bar shi da tambayarsa a baki.

Sau uku na ɗauki waya in kira ka, sau uku harshena ya ƙi. Abin da na iya kawai shi ne na roƙi ƙanwarka Uwar-tsafta ta ɗauki yarinyar ta kwana a gidanta, daga can ta wuce makaranta. Yau ƙarfe biyu za ta dawo gida.

Kada ka dogara da kwaɗon. Ni da kaina na koya mata yadda kwaɗo yake aiki. Mun fasa tsoho guda a kan tabarma, muka jera 'yan ƙusoshin cikinsa da 'yan wayoyin da ke tura su, tana ta tafi don murna. Yanzu guntuwar waya ta ishe ta. Don haka ka je ka zauna a bakin ƙofar ɗakin da jikinka. Kada ka buɗe kwalbar, kada ka girgiza ta, kada ka ɗauke ta daga inda take. A kawar da kowane bokitin ruwa daga wajen, a cika ɗaya da busasshen yashi a ajiye kusa. Sannan ka aika a kira tsohon mai kula da ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, wanda kuke kira Baba Awartaki. Lambarsa tana bayan takardar nan. Shi ya san yadda ake kashe wannan abu a hankali, ya kuma san hukumar da za a kira. Abin da ya ce shi za a yi, ko da ya saɓa wa abin da na rubuta.

Yanzu tashi ka tafi.

Na biyu, naki ne, Uwar-tsafta. Tun kina 'yar shekara biyar kike bin bayana da tsumma, ba mamaki kika girma kika buɗe shagon wanki da guga. Na san ki. Idan ta Allah ta kasance, ke za ki fara naɗe zani ki ce jama'a za su zo, ba za a bar ɗakin nan haka ba. Na roƙe ki da girman nonon da kika sha, kada ki shiga da tsintsiya, kada ki shiga da bokiti. Kwalba ta huɗu ƙarama ce amma za ki ji ta da nauyi kamar dutsen niƙa. Zaiba ce a ciki. In ta zube ba a share ta, don tana rarrabuwa ta shige tsagin siminti, ku yi ta shaƙar tururinta shekara da shekaru ba ku sani ba. Ta biyu da ta tara suna cin fata. Sauran ba su da haɗari sosai, amma littafin da na rubuta sunayensu a ciki yoyon rufi ya lalata shi, kuma ban yarda da tunanina a kan ta biyar da ta shida ba. Wawanci ne na yi da na rubuta lamba maimakon suna. Na ɗauka idan yaro bai ga suna ba ba zai yi sha'awa ba. Ashe babu abin da ke jan yaro kamar kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba. Bayan Baba Awartaki ya kwashe komai ya ce an gama, ki wanke ɗakin har bango, na ba ki izini, ki huce haushin shekara talatin.

Na uku. Babba, wannan tsakanina da kai ne, amma ina so ƙannenka su ji.

A gidan nan kowa ya tashi da labarin cewa rashin jin maganarka ne ya ƙona ka. Babanku ya faɗa, dangi suka maimaita, ni kuma na yi shiru. Ga yadda aka yi. A shekarar aka rufe tsohon ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, aka ce a zubar da kayan ciki a bola. Na tuna yaran da ke tonon bolar nan da ruwan saman da ke sauka a kanta, sai na kwaso masu haɗarin na kawo gida, da niyyar in nemi inda za a kai su. Wata ranar Asabar na fito da kwalbar ina dubawa, kana tsaye a bayana. Na yanki ɗan ƙarfen da wuƙa, ka ga cikinsa ya yi ƙyalli kamar azurfa kafin ya dushe, ka ce, "Mama, ƙarfe ne ake yankawa kamar sabulu?" Sai Auta, yana jariri a lokacin, ya tsala kuka a ɗaki. Na ce maka, "Kada ka taɓa," na fita da gudu na bar kwalbar a buɗe. Kalma uku na ba ka, ban ba ka dalili ko ɗaya ba. Kai kuma ka ga ƙyallin ya dushe, ka ɗauka datti ne, ka kai shi bakin famfo ka wanke mini.

Har yau ina jin ƙarar. Har yau idan na ga kana riƙe zarto da yatsu uku a shagonka na kafinta, sai in kau da kai. Ba ka yi laifi ba, ɗana. Taimakona ka so yi, da niyya ɗaya da wadda 'yarka ta faɗa mini jiya. Laifin nawa ne, kuma na bar ka ka ɗauke shi tun kana yaro saboda ina tsoron idon babanku. Ka yafe mini. In ba za ka iya yau ba, ka yafe mini wata rana. Zan jira, ko ina nan ko ba na nan.

Za ka tambaya me ya sa ban rabu da shi ba bayan haka. Zan iya cewa ban sami wurin kaiwa ba, kuma da farko gaskiya ne. Daga baya kunya ce, don fitar da shi yana nufin in amsa cewa na yi ƙarya. Akwai kuma dalili na uku wanda ya fi muni: ina son abin. Duk sanda na ƙara masa kananzir sai in tsaya ina kallonsa ina mamakin Mahaliccin da ya yi ƙarfen da ke cin wuta a ruwa, ya kuma sa shi cikin gishirin da muke ci kullum ba ya cutar da kowa. Son sani baiwa ce, amma ni na bar nawa ya fi ƙarfin hankalina.

Na huɗu. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara, ba ni da ta cewa a ciki. Amma akwai 'yan kayan da ba su da daraja a kasuwa, na ba da su tun yanzu ina raye.

Madubin duba ƙananan halittu na Don-me ne, da akwatin gilasansa. Ranar da na fara ɗiga mata ruwan kwata a kai ta leƙa, ta yi tsalle da baya ta ce, "Kaka, akwai gari guda a ciki, har da masu gudu!" Kwana uku ta ƙi shan ruwa sai an tafasa. A bar mata shi a hannunta, kada a ajiye mata a saman kabad sai ta girma. Abin da aka ajiye wa yaro sai ya girma, yakan girma ya tarar ba ya so.

Auta, ɗauki gilashin nan mai kusurwa uku da ke raba hasken rana gida bakwai. Da shi ka fara sanin launi, kana rarrafe kana kama bakan gizo a bango, ga shi yau da fenti da burushi kake ci da kanka. Ɗauki kuma littattafan nan goma sha ɗaya da na manna ganyaye a ciki. Zanen da na yi a gefensu ba shi da kyau, na sani, ka daɗe kana mini dariya cewa ganyen mangwarona ya fi kama da kifi. To ka gyara.

Uwar-tsafta, ma'aunin tagulla naki ne da duwatsunsa. Ke kaɗai ce za ki goge shi. Maganaɗisu da wayoyi da ƙwayayen fitila da ke cikin kwalin takalma, a kai wa yaran layinmu da ke zuwa wurina ranar Asabar. A gaya musu malama ta ce darasi bai ƙare ba.

Babba, ban bar maka komai daga kayan nazarin ɗakin nan ba, don na san ba ka taka shi tun ranar. Na bar maka teburin da ka ƙera mini da hannun nan, wanda a kansa na yi kowane gwaji na shekara ashirin. Bai taɓa girgiza ba.

Na biyar. Awartakin ƙarfe mai dogon hannu da ke rataye bayan ƙofa na Baba Awartaki ne, na ara tun muna aiki ban mayar ba. A mayar masa. Shi kaɗai ya san sirrin kwalbar. Sau biyu ya zo har gida ya ce, "Malama, ba ni abin nan in kashe shi, kina kiwon kura a ɗakin yara." Na biyun na yi masa magana mai zafi, ya sa hularsa ya fita, bai sake dawowa ba. Ku ce masa na ce shi ne da gaskiya. Zai yi mita, ku bar shi ya yi, ya cancanta.

Na shida. Babba da Auta, wata bakwai ke nan kuna gaisawa kamar maƙwabtan da suka yi shari'a. Na san mafarin. Don-me ta kwance rediyon ubanta don ta ga inda mai maganar yake zaune, Babba ya mare ta, Auta ya ce, "Yaya, so kake ka cusa mata tsoron da ya hana ka sakewa." Babba ya ce wanda bai haihu ba bai san zafin ɗa ba. Kowannenku ya soki ɗan'uwansa a inda ya san akwai miki.

Auta, yayanka ba matsoraci ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma yanzu ka san wanda ya ajiye macijin. Kai ne ƙarami, kai za ka fara zuwa. Babba, ƙaninka ya faɗi gaskiya da mugun baki, amma gaskiya ce. Ka mari yarinyar nan a kan rediyo, me ya biyo baya? Ta daina tambayarka, ta koma buɗe abubuwa idan ba ka nan. Da ba ta da kakar da take raɗa wa magana a kunne, da yau babu wanda ya san ta buɗe kabad ɗin. Gobe mai yiwuwa ba ni nan. Dole a sami wani a gidan da za ta iya raɗa wa.

Saboda haka ga roƙona mafi nauyi, kuma na san zai yi maka ɗaci. Idan ta dawo daga makaranta ta same ka a bakin ƙofar nan, kada ka daka mata tsawa, kada ka tambaye ta wa ya ba ta izini. Zaunar da ita. Buɗe mata hannunka na dama, wanda kake ɓoyewa a aljihu, ka bar ta ta taɓa tabon, ka gaya mata abin da ya faru da bakinka. Ta sha tambayata me ya sami yatsun babanta, ina ce mata ta tambaye ka, ita kuma tana tsoro. Sannan idan Baba Awartaki ya zo, ka roƙe shi, in ya ga babu haɗari, ta tsaya daga nesa tana riƙe da hannunka ta ga yadda masu sani suke tunkarar abu mai haɗari: da safar hannu, da gilashin ido, da haƙuri, da tsoro daidai gwargwado. Duk tambayar da ta yi a amsa mata. Wadda ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku nema tare. Na gwada kwaɗo, na gwada lamba, na gwada "kada ka taɓa". Duka ukun sun ci amanata. Bayani kaɗai ne ban gwada ba, kuma shi ne aikin da aka biya ni in yi wa 'ya'yan wasu shekara talatin da huɗu.

Kada abin da na yi ya sa ku rufe ɗakin nan. A fitar da guba, a buɗe taga, a bar yara su shiga. Auta ya koya musu zane, Babba ya nuna musu yadda ake auna katako, Uwar-tsafta ta gaya musu dalilin da ya sa sabulu ke cire maiƙo, don ta fi ni sani. Yaron da ya tambayi "don me" yabon Mahalicci yake yi da irin harshensa.

Ku riƙe juna. Ku ukun nan ciki ɗaya ya ɗauke ku, kuma babu wanda zai san ku kamar yadda kuka san juna. Ku ci abinci tare ko sau ɗaya a wata, ku yi faɗanku a kan tabarma ɗaya ku tashi a shirye. Kada a ɓoye wa juna abu saboda kunya. Kun ga inda tawa kunyar ta kusa kai mu. Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci hannuwanku da abin da suke yi, ya tsare idanun jikokina da yatsunsu, ya ba su malamai da suka fi ni hankali. Duk abin da kuka yi mini na yafe, duniya da lahira. Idan na tashi gobe, zan amsa kowace tambaya da kuke da ita, ko mai zafi ce. Idan ban tashi ba, ku yi mini addu'a, ku ce wa Don-me ƙawarta Kaka ta gode da niyyar wankin.

Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi. Babba, na san halinka, ba ka barin abu rabi. In har ka karanto zuwa nan kana zaune a gefen gadona, to ka saɓa mini, kuma na yafe wannan ma. Ƙarfe biyu ake tashinsu. Tashi, ɗana, ka riga ta isa ƙofar.

Mahaifiyarku.